Turbo na Uku a Motar Alhaji Garba

Yaran da suke zuwa koyon aiki a wurina yanzu, da yawansu gani suke yi kanikanci kwancewa ne da ɗaurawa kawai. Abu ya lalace, ka kwance shi, ka je kasuwa ka sayo ɗan'uwansa, ka ɗaura. Da haka aikin yake, da ban tsufa a ƙarƙashin mota ba. Zan ba ku labarin wani aiki guda da na yi a Anacha, na zaɓar wa wata tsohuwar a-kori-kura turbo. Ku bi shi daki-daki, don a jere yake.

Sai dai zan fara da inda na koyi aikin. Bayan an gama yaƙin basasa, mutanenmu suka fara komowa kudu kaɗan-kaɗan. Ni kawuna na biyo zuwa Fatakwal, muka kama ɗaki a Borokiri. Dako na fara yi a bakin ruwa. A lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, motoci suka cika gari, masu gyara ba su isa ba. Kawuna ya kai ni wurin wani tsohon bakanike da ake ce wa Oga Sande. Kayan aikinsa ba su da yawa: sifanu, soket, filaya, guduma, jak guda, da wani dogon sukundireba da yake ɗora bakinsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya saurara. Na daɗe ban taɓa ko ɗaya ba. Aikina wanke ƙarafa a kananzir da jera su a kan buhu, daga hagu zuwa dama, yadda aka kwance su. In na sauya wa noti ɗaya wuri, sai ya watsar da su duka ya ce in sake. Dokarsa ta biyu ita ce ba a jefar da abin da ya lalace sai an san abin da ya lalata shi. Waɗannan biyun har yau a kansu nake.

Da kuɗin man ya ja baya, aka shiga wata shekara da ba na mantawa. Kayan gyara suka daina shigowa. Da kwalin takalmi muke yanka gaskit, shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarafan inji don kada su yi yoyo. Mota takan yi watanni a kan dutse saboda ƙaramin abu. A shekarar na komo Anacha, kusa da kasuwar kayan mota, na buɗe nawa garejin. A wannan tsakanin ne kayan jabu suka fara cika kasuwa, kuma kamfanonin mai suka riƙa sayar da tsofaffin motocinsu a gwanjo, 'yan kasuwarmu suna saya. Da haka turbo ya shigo hannuna.

Ga wanda bai sani ba, turbo fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da yake fita daga injin ya juya ɗaya, ita kuma ta juya ɗayar, ɗayar ta tura iska cikin injin, injin ya ƙara ƙarfi. Gefe guda wuta, gefe guda iska. Sandar da take tsakani ba a kan komai take zaune ba sai baƙin mai, wanda wani siririn bututu yake kawo mata daga injin. Man nan shi yake hana ta gogayya, shi yake kwashe zafi. Ku riƙe wannan.

Motar da nake magana ta Alhaji Garba ce, mai sayar da albasa da busasshen barkono a bayan babbar kasuwa. Tsohuwar motar kamfani ce mai shan gas, wadda tayoyinta huɗu suke ja. Da ita ake kai kaya kasuwannin ƙauyukan bakin ruwa, inda hanya da damina ba kwalta sai laka. Direbanta Malam Iro, dattijo ne, ya girme ni nesa. Tun kafin yaƙi yake tuƙa wa mahaifin Alhaji babbar mota, da aka tafi arewa tare aka tafi, da aka komo tare aka komo.

Da hantsi suka kawo ta. Tun daga nesa na ji tana kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi yana bin ta. Alhaji ya fito, muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce:

"Sale, wannan shi ne na biyu. Wanda ta zo da shi ya mutu, na kai ta wani gareji a Upper Iweka aka sa wannan, ko damina ɗaya bai gani ba. Ka nemo mini mai ƙarfi, wanda ba ya mutuwa. Kuma ka duba ka gaya mini gaskiya, laifin wa."

Na ce, "Laifi kuma, Alhaji?"

Ya ce, "An ce mini rashin mai ke kashe shi. Ni kuwa ban taɓa hana kuɗin mai ba. To, ina man yake tafiya? In laifin direba ne, na uku da sabon direba zai fara aiki."

A gaban Malam Iro ya faɗa. Dattijon yana tsaye a jikin ƙofa, yana goge madubi da gefen rigarsa. Bai ɗago ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Allah ya sani." Mutum ne mai iyali a ɗakin haya, kuma a unguwarmu in aka sallami direba da sunan sayar da man ubangidansa, ba wanda zai sake miƙa masa makulli.

Na fara aiki bi da bi. Da farko na zaro sandar awon mai: cike yake, kuma ba tsohon mai ba ne. Na kwance matatar iska: fes, an kaɗe ta kwanan nan. Na tayar da injin, na kara sukundireba a kunne: ƙasan injin lafiya lau, ba bugu. Da an taɓa barin injin nan ba mai, da shi zai fara kuka kafin turbo. Sannan na kwance turbon, na jera shi a kan buhu. Fukafukan fanka ba su guntule ba, wato ba dutse ko noti ne ya faɗa ciki ba. Amma sandar tana rawa kamar haƙorin da zai fita, kuma ta yi shuɗi saboda zafi. Na busa bututun man da bakina, da ƙyar iska ta wuce. Na tsaga shi. Cikinsa wani baƙin abu ne mai tauri, kamar ƙanzon gindin tukunya.

Ƙanzo ba ya kama tukunyar da ake juyawa. Wannan mai ne ya tsaya wuri ɗaya a kan wuta ya ƙone. Na san wannan, amma ban san me yake tsayar da shi ba. Na ce wa Alhaji ban gama ba, zan je in nemo kaya tukuna. Ya ce Malam Iro ya kai ni a ƙaramar bas ɗinsa.

Mutumin da nake sayen kaya a wurinsa sunansa Emeka. A Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta yaranmu da aka haifa a nan. Na aje masa mataccen turbon a kan benci. Ya duba, ya yi tsaki, ya shiga ciki ya fito da guda uku ya jera.

Na farko sabo ne fil a kwali mai launi, yana ƙyalli. Na ɗaga shi, ba nauyi. Na sa yatsa cikin bakinsa, zubin ƙarfen kaushi gare shi kamar bangon da ba a yi wa shafe ba. Ɗan farantin da ake buga lamba a kai, da gam aka liƙa shi. Na kalli wanda na kwance daga motar, iri ɗaya. Na ture shi gefe.

Emeka ya ce, "Na gwada ka ne, Malam Sale."

Na ce, "Da na ɗauka fa?"

Ya ce, "Da na sayar maka mana. Kasuwa muke."

Na biyu tokumbo ne, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, na asali, lafiyayye, amma daga babban injin aka ciro shi. Emeka ya buga shi da tafin hannu ya ce, "Ba Alhajinka mai ƙarfi yake so ba? Ga bijimi. Wannan in ya buɗe a hanyar Oweri, ba mai ganin bayanka."

A nan ne yawancinku za ku faɗi, don babba ya fi kyan gani. Babban turbo yana son hayaƙi mai yawa kafin ya farka. A kan kwalta, da gudu, zai farka. Amma motar nan aikinta a laka ne, da kaya, a giya ta ɗaya, injin yana juyawa a hankali. A nan babban barci zai yi, motar ta zauna a cikin taɓo da albasar mutane. In kuma ya farka, iskar da zai tura ta fi ƙarfin tsohon injin, gaskit ɗin sama ya ƙone, ko fistin ya tsage. Ban da haka, ramukan notinsa ba su yi daidai da na motar ba, sai an yi walda da ƙage, kuma duk inda aka yi ƙage a bakin wuta, nan zai tsage. Na ture shi shi ma.

Na uku baƙi ƙirin ne da datti, amma irin na motar ne. Na kara shi da mataccen: ramukan noti daidai, mashigar mai a sama, mafitarsa a ƙasa, ɗan gwangwanin da yake rage iska in ta yi yawa yana gefen da ya kamata. Na kama kan sandar da yatsu biyu. In ka motsa ta gefe da gefe, ɗan motsi kaɗan ba laifi, wurin mai ne. Amma in ka ja ta waje ka tura ta ciki ka ji tana tafiya, ya gama yayi. Wannan tana tafiya.

Na ce, "Irinsa nake so, amma ba shi ba."

Emeka ya ɗora hannu a ka. "Kai ba sayayya kake zuwa ba, Malam, neman aure kake zuwa. Sai ka ga uwa, sai ka ga uba."

Na ce, "To kai ni in ga uwar."

Abin da nake nufi ya gane. Ya kai mu bayan shago, inda suke tara injinan da aka yanko daga ƙasar waje. Akwai irin namu guda, turbonsa yana jikinsa. Ban fara taɓa turbon ba. Murfin man injin na buɗe na leƙa: ciki launin zuma, ba baƙin kunu. Wanda ya riƙe injin nan a can yana canza masa mai a kan kari. Sannan na kwance turbon da sifanata, da hannuna, ban bar kowa ya sa masa guduma ba. Sandar ba ta shiga ba ta fita. Na hura fankar da baki, ta juya sumul, ba ta goga bango ba. Bakin wutar a bushe, ba danshin mai. Na ciro shi har da bututun mansa, na toshe ramukan da tsumma mai tsabta. Muka yi ciniki, muka kamo hanya.

Duk wannan Malam Iro yana biye da ni. A hanya ne ya ce, "Sale, ni ban taɓa ɗibar ko cokali ba."

Na ce, "Na gani, Baba. Injin ya shaide ka."

Ya ce, "To me yake kashe shi?"

Na ce ban sani ba tukuna, kuma ba zan ɗaura wannan ba sai na sani.

Cunkoso ya riƙe mu a Upper Iweka. Da muka kuɓuta, la'asar ta yi. Muna shiga unguwa muka jiyo ana tayar da iƙama. Malam Iro ya ƙara wuta, ya zo ƙofar masallaci ya taka birki. Sai ya yi wani abu da na sha ganin tsofaffin direbobin manyan motoci suna yi, ban taɓa kawo shi a raina ba: ya taka totur har ƙasa sau ɗaya, injin ya yi ƙara, kafin ƙarar ta sauka ya murɗe makulli, ya zare, ya yi wajen famfo da sauri yana naɗe hannun riga.

Bas ɗin ba ta da turbo, ba abin da zai same ta. Amma na ga abin da nake nema.

Bayan an idar, Alhaji Garba yana zaune a tabarmar ƙofar masallaci da wasu dattawa. Ya yafito ni. Malam Iro ya zauna daga gefe.

"Ka samo?"

"Na samo, Alhaji. Ba babba ba ne, daidai ita ne."

"Laifin fa?"

Na ce, "Mai bai ɓace ba. Ba wanda ya taɓa maka mai. Turbon da aka sa maka na biyu jabu ne, da ma ba mai nisan kwana ba ne." Alhaji ya gyaɗa kai. Na ce, "Amma na farkon na asali ne, kuma abin da ya kashe shi shi ya ƙarasa na biyun. Hannun direba ne."

Malam Iro ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullan, ya aje su a kan tabarma a gaban Alhaji.

Na ce, "Baba, tsaya in gama." Na tambaye shi in ya dawo daga ƙauye, ina yake fara tsayawa. Ya ce nan, yakan auna tafiyarsa ne don ya riski jam'i. Na tambaye shi me ya sa yake taka totur kafin ya kashe. Ya ce haka ubangidansa na farko, wanda ya koya masa tuƙi, ya nuna masa, don batir ya kwana da ƙarfi. Sai na yi musu bayani. Mota ta taho daga nesa da gudu, gefen wutar turbon ya yi zafi kamar garwashi. Ka taka totur, fanka ta ɗauki gudu. Ka murɗe makulli, injin ya tsaya, mai ya daina zuwa. Fanka kuwa ba ta tsaya ba, tana juyawa a bushe. Ɗan man da ya rage ya zauna a kan wuta ya zama ƙanzo. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har bututu ya toshe. Manyan motocin da ya saba da su ba su da wannan abin. Da aka sayo wannan a gwanjo, ba wanda ya gaya masa.

Alhaji ya ce, "To me za a yi?"

Na ce, "In ya tsaya, kada ya taka komai. Ya bar injin yana aiki a hankali, mai yana zagayawa, har ya huce, sannan ya kashe."

Malam Iro ya ɗago a karo na farko. "Sale, kana nufin ana tayar da salla in zauna ina gadin ƙarfe?"

Alhaji ya ce, "Ni kuma gas ɗina yana ƙonewa a banza? Ai ni na ce masa duk inda ya tsaya ya kashe."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Ashe da hannunka a ciki, Alhaji." Aka yi 'yar dariya, Alhaji bai yi ba.

Malam Iro ya ce, "Kuma ba na barin mota a kunne in shiga ciki. A garin nan? Kafin in yi sujada ɓarawo ya haye gada da ita."

Gaskiyarsa ce. Kuma ba shi da agogo, ba ya son sa. Ya tambaye ni tsawon hucewar kamar yaya. Na duba hannunsa, har lokacin da sauran danshi a gefen rigarsa. Na ce, "Kamar tsawon alwala. Ka sa buta a mota. In ka tsaya, ka bar ta a kunne, ka tsuguna a gindin tayar gaba ka yi alwalarka, idonka a kanta. In ka wanke ƙafar hagu, ka miƙa hannu ka kashe."

Dattijon nan na gefe ya ce, "Alwalar Iro? Ai sai tanki ya ƙare. Mutumin da yake tsefe gemu gashi ɗaya-ɗaya."

Wannan karon har Alhaji ya yi dariya. Ya daɗe yana kallon makullan. Sannan ya ce, "Ni ba zan sallami mutum don yana gaggawar salla ba, mahaifina ma ba zai yafe mini ba. Maganar mai da na yi, Malam Iro, ka yi haƙuri." Ya tura masa makullan da bayan hannu. "Amma in wannan ya mutu kafin ƙarshen damina, Sale, ku biyu zan nema."

Washegari na ɗaura. Na zubar da tsohon mai, na sa sabo da sabuwar matata. Na wanke bututan iska, don man da mataccen ya zubar yana kwance a ciki. Na sa bututun man da na taho da shi, ban mayar da mai ƙanzo ba. Kafin in rufe, na ɗura mai a mashigar turbon, na juya fankar da yatsa har ya ratsa. Na cire wayar famfon gas, na juya injin da makulli ba tare da ya tashi ba, har fitilar mai ta mutu. Sannan na mayar da waya, na tayar, na bar shi yana aiki a hankali. Ba jiniya, ba hayaƙi. Muka ɗora buhuna muka gwada ta a wata hanyar laka ta bayan gari. Tun daga ƙasa take ja.

Daminar ta wuce, wasu ma suka wuce. Ƙasan motar ne ya fara ruɓewa da tsatsa, turbon yana nan. Duk wanda ya zauna a unguwar a shekarun nan ya san hoton: a-kori-kura a ƙofar masallaci tana aiki a hankali, dattijo tsugune a gindin taya da koriyar buta. Makullin bai bar hannunsa ba sai da idonsa ya raunana, ya kai wa Alhaji da kansa.

Saboda haka in kun zo kun ce mini, "Oga, turbo ya mutu, a sayo sabo," zan tambaye ku me ya kashe shi, kuma wa yake tuƙa motar, kuma yaya yake tsayawa. In ba ku sani ba, ku koma.

Abu ɗaya ne Malam Iro bai yafe mini ba. A famfon masallaci layi ake yi, amma ruwa na zuba da ƙarfi, mutum ya gama da wuri. Buta kuwa sai a hankali, ga shi ba ya rage komai a alwalarsa. Wani lokaci kafin ya kashe mota ya shiga sahu, liman ya ɗago daga ruku'u. Duk ran da ya wuce ta gaban garejina, sai ya rage gudu, ya leƙo ta taga ya ce:

"Sale! Jiya ma na rasa raka'a ɗaya. Ranar lahira kai za a tambaya."

Ni kuma in ce, "Na ji, Baba. Butar dai kada a manta da ita."

Sai ya ɗago ta daga gefen kujera ya nuna mini, ya wuce.